Albarka a Titin Liuhua

Ranar da aka shigo da wutar Olamfik birnin Guangzhou na ƙasar Chana, kowa a garin ya kasa zama wuri ɗaya, amma abin da ya hana Hajiya Lauratu zama daban ne. Mutanen gari fitila suke jira, wadda za a zaga tituna da ita a guje. Ita kuwa waya take jira daga Kano. Tun da ta idar da sallar asuba a ɗakinta na masauki a unguwar Sanyuanli take juya 'yar wayarta: ta ajiye a kan gado, ta ɗauka, ta duba ko caji ya cika, ta sake ajiyewa. Alhali ta sani sarai a wannan lokacin mutanen Kano yanzu ma suke shirin kwanciya, alƙalin da take jira kuwa bai ma yi barcin da zai tashi ya tafi kotu ba.

Gidan sauro Lauratu take sayarwa, irin mai maganin nan. Da tebur ɗaya ta fara a Kantin Kwari, a hankali har ta kai tana cika kwantena da kanta, da lasisinta mai sunanta a jiki. Matan Bichi da Gwarzo da Ɗambatta a wurinta suke sara, su kai ƙauye su sayar ɗai-ɗai kafin ruwa ya zauna. Ana nan, da rani, sai hukumar da ke ba da lasisin irin waɗannan kayan masarufi ta fito da wata takarda. Wai don kare lafiyar jama'a, daga yanzu ba mai shigo da gidan sauro sai kamfanin da yake da sito a manyan garuruwa uku, da motocinsa na kansa. Wanda bai cika wannan ba, za a soke lasisinsa. Kare lafiyar jama'a! Sai ka ce sauro yana tambayar sito nawa mai ragar yake da shi kafin ya fasa cizo. Da aka duba, kamfanonin da suka cika sharaɗin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowa ya san ko su wane ne.

Ƙananan 'yan kasuwa suka yi taro, aka yi ta kumfar baki, aka ce kotu za a je. To, da Barista Saudat ta tambaya sunan wa za a sa a gaban ƙarar, sai ka ga maza masu manyan riguna kowa ya shiga gyara hula, wani ma ya tuna yana da baƙi a gida. Lauratu ta ce, "Rubuta nawa." Hujjar lauyar gajeriya ce, har Lauratu ta haddace ta. Dokar da ta kafa hukumar ta ba ta ikon yi wa 'yan kasuwa rajista da duba ingancin kaya, ba ta ba ta ikon zaɓar wanda zai yi kasuwanci da wanda zai zauna a gida ba. Takardar ofis kuma ba ta isa ta ƙara wa doka abin da majalisa ba ta sa ba. Yau ne alƙali zai faɗi mai gaskiya.

Damina ba ta san da zaman wata kotu ba, shi ya sa Lauratu ba ta jira ba. Ta zo Guangzhou ta sa aka yi mata kaya, aka cika kwantena, aka kai ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Abu ɗaya ya rage, wato sunan da za a rubuta a takardun jirgi a matsayin mai kaya. Mista Liang, ɗan Chanan da ke yi wa Hausawa lodi, ya gaya mata yau kafin ya rufe ofis yake son sunan. Ta ce wani jirgin fa? Ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu. Saboda wasannin nan an tsaurara bincike, wuri a jirgi ya yi wuya, sai bayan wata da watanni. Bizarta ma ta kusa ƙarewa, kuma bana ba a sabuntawa da sauƙi. In ta sa sunanta aka yi rashin sa'a a kotu, kayan suna isa Legas za a riƙe su. In ta ƙi sa kowane suna, ragar za ta isa Kano bayan sauro ya gama abin da zai yi. Hanya ta uku ita ce Alhaji Maharazu.

Shi Alhaji Maharazu wakilin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan ne, ofishinsa yana titin Liuhua, a saman benen da Liang yake ƙasansa. Tun da Lauratu ta sauka yake aiko mata: ta sayar masa da kwantenar yadda take, a sa sunan kamfaninsu, ita kuma ta riƙa yi musu sayayya ana ba ta la'ada. Wato mace da lasisinta ta koma 'yar aike. Kuma tayin da yake yi, subhanallahi, da kyar ya kai abin da ta biya masaƙa. Mutumin nan duk Hausawan Guangzhou sun san halinsa. In ya taya kaya, ko kwana za ka yi kana cewa albarka ba zai ƙara ko sisi ba, sai dai ya miƙe ya kaɗe riga ya ce Allah ya ba ka mai saye.

Bayan la'asar ƙawarta Balkissa ta faɗo ɗakin ko sallama ba ta ƙarasa ba. 'Yar Maraɗi ce mai safarar atamfa da mayafai, tana riƙe da wata 'yar jar tuta da aka cusa mata a hannu a bakin titi.

"Hajiya, tashi mu tai mu ga wutar nan! Garin duka ya hito, walla ko motar haya ba ta wucewa."

"Ke dai je ki. Ni wutata tana Kano."

Ba ta rufe baki ba wayar ta ɗauki ƙara. Ghali ne, ƙanenta, wanda ta tura ya zauna mata a kotu. Ta yi maza ta danna. Hayaniya ce ta fara cika mata kunne, mutane suna magana kan magana, wani yana ta salati da ƙarfi.

"Yaya! Yaya Laure, kina ji na?"

"Ina ji, Ghali, yi magana!"

"Yanzun nan alƙali ya tashi. Wallahi Yaya, an soke..."

Ɗif.

"An soke me? Ghali! Kai Ghali!"

Wayar ta yi shiru kamar an jefa ta rijiya. Ghali ke nan! Mutum ya san ranar da za a yanke wa yayarsa hukunci, amma ya tafi kotu da katin da bai isa gaisuwa ba. Ta kira shi, wata mata ta yi mata dogon bayani da yaren Chana. Ta sake kira, matar ta sake. Balkissa ta gwada da tata, ita ma haka. Mutanen da suka cika tituna kowa yana kiran ɗan'uwansa ya gaya masa ya ga fitila, layin waya ya cushe kaf. Suka sauko da gudu zuwa shagon buga waya da ke bakin masaukin, suka tarar da ƙofa a garƙame, mai shagon shi ma ya tafi kallo.

"Bon," in ji Balkissa da ɗan Faransancinta na 'yan Nijar, tana haki, "mi aka soke?"

"Me kuwa za a soke in ba lasisina ba?"

"Ai bai ce lasisi ba."

"Ba ki ji ana salati ba? A kan abin daɗi ake irin wannan salatin?"

"A garinmu ana yi."

Lauratu ba ta saurare ta ba. Gaskiyar magana, tun da rani kalmar nan take bin ta. Za a soke, za a soke, a rediyo, a kasuwa, a bakin 'yan aiken Maharazu, kuma kullum lasisi ne yake biyo bayanta. Don haka da ta ji ta a bakin Ghali, kunnenta ya ƙarasa sauran da kansa. Ta jingina da ƙofar shagon, baƙin ciki ya rufe ta. Ba kayan ne kawai suka yi mata ciwo ba. Ta hango masu manyan rigunan nan zaune a rumfa suna cewa ai mun gaya mata, mace da ja da hukuma. Hawaye ya taho, ta mayar da shi da ƙarfin tsiya, ta gyara mayafinta.

"Ina zuwa kuma?" Balkissa ta tambaya.

"Liuhua. In dai an soke, gara kayan su isa Kano da sunan wani da su tsufa a Huangpu da sunana. Matan nan jira suke."

Faɗar Liuhua ya fi zuwanta sauƙi a ranar. Motar haya ta farko da suka tare, direban ko gilashi bai sauke sosai ba ya ce meyo. Ta biyu ta tsaya cak a tsakiyar titi, direban ya fito ya hau kan bonet yana kaɗa tuta. Bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa layi ya fito har waje ya yi kwana. Balkissa ta tattare zanenta ta ce, "Alors, ƙahwa!" Suka faɗa cikin mutane.

Kai, jama'a! Lauratu ta sha ganin cinkoson Kwari ana gobe Sallah, amma bai kama ƙafar wannan ba. Ko'ina ja. Jar riga, jar tuta, jan tambari a kumatun jarirai, tsofaffi a kan kujerun roba suna buga ganga kamar an biya su. Ɗalibai sun yi jerin gwano suna ihu da baki ɗaya, "Jayo! Jayo!" har ƙasa tana amsawa. Balkissa ta shige gaba tana kaɗa tutarta, hannu ɗaya riƙe da gefen mayafin Lauratu, tana ta zuba "pardon, pardon, shiye-shiye", ban haƙurin Faransanci da godiyar Chana, ga duk wanda ta taka. Wasu 'yan mata suka tare su sai sun yi hoto da su. Kafin Lauratu ta ce a'a an riga an ɗauka, an kuma liƙa wa Balkissa tambari a kumatu.

"Kin san mi suke cewa?" Balkissa ta yi mata ihu a kunne. "Wai ƙara mai! Jayo, ƙara mai!"

"Su ƙara mana hanya dai, mai ya ishe su."

A kan gadar tsallaka titi maɗaurin takalminta ya tsinke. Ta cire shi ta riƙe a hannu ta ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Abin mamaki, duk da baƙin cikin da take ciki, gangar nan ta shiga jikinta, zuciyarta tana bugawa daidai da ita. Ta ji haushin kanta ma. Mace za ta je ta miƙa wahalar shekarunta ga Maharazu, amma ƙafarta tana neman bin kiɗa.

Liang suka fara tararwa a bakin ofishinsa, biro a bayan kunne, takardu a hannu, yana leƙen hanya. Shekarun da ya yi da Hausawa sun bar masa 'yan kalmomi: kaya, gobe, suna, albarka, sauran ya cike da yarensu, kamar laoban, wato uwar ɗaki.

"Hajiya laoban! Suna? Suna?"

Ta nuna wayar da ke kan teburinsa ta ce Kano. Ya ce meyo, tasa ba ta fita ƙasar waje. Ta nuna masa bene, ya fahimta, fuskarsa ta ɗan canja, ya biyo su a baya.

Abin da ya fara ba ta mamaki, Alhaji Maharazu miƙewa ya yi da ya gan ta. Mutumin da in ka gaishe shi yake amsawa idonsa na kan kwamfuta.

"A'a! Hajiya da kanta? Sannu da hanya, sannu da wannan cinkoso. Bismillah, ga kujera. Hajiya Balkissa, sannu."

Ya buɗe firji da kansa ya ciro ruwa mai sanyi. Ya zuba shayi. Har dabino ya turo gabansu, a faranti. Balkissa ta dubi dabinon, ta dubi Lauratu, ta ɗauki ɗaya da sauri kafin ya canja shawara.

"Alhaji, kan maganar nan na zo."

"Madalla, madalla." Ya gyara zama. "Kin ji daga gida ne?"

"Na ji."

Ya dubi idonta da ya yi ja, ya dubi takalmin da ke hannunta. Wani abu ya wuce ta fuskarsa da sauri, ya ɓoye shi da kurɓar shayi.

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Amin."

Wayar da ke kan teburinsa, mai igiya, ta ɗauki ƙara. Ya ɗaga kan ya mayar ba tare da ya kai kunne ba. Ta sake yi. Wannan karon ya ɗaga ya ajiye kan a gefe, ya ce mutane ba sa barin mutum ya yi magana da baƙinsa. Sannan ya maimaita tayinsa na kullum, kalma ba ta canja ba.

Abin da ya rage wa Lauratu shi ne ta ce na sallama. Kalma biyu ce, amma duk wanda ya tashi a kasuwa ya san nauyinta. In ta fita daga bakinka a gaban shaidu, shi ke nan, kaya sun zama na mai saye, ko da minti ɗaya bayan nan aka zo maka da ninkin kuɗin. Ba takarda, ba sa hannu, kuma ba ɗan kasuwar da zai sake zama da wanda ya sallama ya dawo ya ce ya fasa. Ta buɗe baki, maƙogwaronta ya ƙi. Ba dabara ba ce, wallahi kuka ne ya tsaya mata a wuya. Ta sunkuyar da kai tana jira ya wuce.

"To, Hajiya," in ji Maharazu, "saboda zumunci, na ƙara."

Ya faɗi abin da ya ƙara. Balkissa ta ƙware da dabino.

Lauratu ta ɗago kai a hankali. Ba ta ce komai ba, amma wannan shirun na biyu da gangan ta yi shi. Ta ɗauki kofin shayi ta hura, ta ajiye ba ta sha ba. A waje ana ta jayo, jayo. Maharazu ya dubi agogon bango, ya dubi Liang, ya goge goshi duk da sanyin na'ura.

"Kuɗin jirgi ma na ɗauke miki. Da na Liang. Sallama mana, Hajiya, mutumin nan zai rufe ofis."

Sai kanta ya waye tar. Ba ta ce albarka ba, ya ƙara. Ba ta sake cewa komai ba, ya kuma ƙarawa. Tun tana tsaye a bayan tebur ɗaya a Kwari ta san mai saye ba ya ƙari sai an ƙi tayinsa. Wanda ya ƙara kafin a ce masa albarka, tsoro yake ji kada wani abu ya riske shi. Kuma wane ne yake ƙarin? Maharazu! Da a ce ɓangarensu ne ya ci shari'a, da yanzu ya raba tayin biyu ya ce in ta ga dama, ruwan famfo ma sai ta roƙa. Ta dubi dabinon. Ta dubi kan wayar da ke kwance a gefe. An soke. An soke me?

Amma fa zato ne. Ba ta ji daga bakin kowa ba. In ta yi kuskure, kwantena guda za ta tafi Legas ta zauna a hannun hukuma, jarinta duka a ciki, ta koma Kano ba kaya ba lasisi. Tsoro ya kama ta sosai.

"Alhaji, ara mini wayar nan taka in kira Kano."

"Ai ta lalace."

"Yanzu na ji ta yi ƙara."

"Shiga take yi, ba ta fita."

Lauratu ta yi murmushi, na farko tun safe. Ta sunkuya ta zura tsinkakken takalminta, ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Albarka."

Liang ya san wannan kalmar. Ya tafa hannu ya ce, "Albarka! Ciniki meyo!"

"Hajiya, ki yi tunani," in ji Maharazu, shi ma ya miƙe. "In kayan nan suka isa Legas aka..."

"Aka yi me, Alhaji? Ƙarasa mana. Yau kowa rabin magana yake yi mini."

Bai ƙarasa ba. Sai ma ya biyo ta har bakin ƙofa ya sake ƙarawa, abin da ba a taɓa gani ba tun da Bahaushe ya fara sauka a Guangzhou. Ta ce albarka, Allah ya ba shi wasu kayan. Ta juya ga Liang ta nuna takardun da ke hannunsa, sannan ta nuna ƙirjinta.

"Rubuta nawa."

A ƙasa Liang ya rubuta Lauratu Sabo da manyan baƙaƙe, ta duba harafi bayan harafi, ya buga hatimi, ya tura takardar Huangpu ta injin faks. Injin ya haɗiye ta yana ƙugi, ya tofo ta ta baya. Daga nan kuma ba gyara.

Suka fito titi. Ta dafa kafaɗar Balkissa.

"Hajiya, in kin yi kuskure hwa?"

"In na yi kuskure, gobe ki ɗauke ni aikin ninke atamfa."

"Ba ki iya ninki ba."

"To sai ki koya mini."

Suka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Mutane sun taru maƙil a gaban wani babban kanti mai ƙaton allon talabijin a bango, ana nuna mai gudu na ƙarshe ya doshi wani babban kasko da fitilarsa. Ba hanyar wucewa, dole suka tsaya. Lauratu tana kallon allon amma ba ta ganin komai, lissafin Legas kawai take yi. A nan ne ta ji wayar tana rawa a tafin hannunta. Lambar Najeriya ce, ba ta Ghali ba. Ta durƙusa a gindin wani ginshiƙi, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Yaya, ni ne, wayar Barista na ara, katina ne ya..."

"An soke ME, Ghali? Kada ka gaishe ni, kada ka ba ni labarin kati! Me aka soke?"

"Takardar hukuma mana! Me kuwa?"

"Sake faɗa!"

"Takardar hukuma aka soke, Yaya! Alƙali ya ce sun wuce iyakarsu. Ya ce doka ta ba su duba kaya da rajista, ba ta ba su raba kasuwa tsakanin mutum biyar ba. Ya ce ko mutum ɗaya za su hana lasisi, sai da dalilin da yake cikin doka, kuma sai sun saurare shi. Lasisinki yana nan daram! Sunanki ya karanta, Yaya, da bakinsa!"

Lauratu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba ta yi ba tun bikin ƙanwarta, doguwa, mai kaifi. Daidai lokacin wutar ta kama a kaskon da ke kan allo, titin gaba ɗaya ya ɗauki ihu. 'Yan Chanan da ke kusa suka juyo, suka ga baƙuwa tana yi wa wutarsu wani irin kuka mai daɗi da ba su taɓa ji ba, suka hau tafa mata. Wata tsohuwa ta cusa mata tuta a hannu ta rungume ta. Balkissa tana tsalle tana ihu, "Jayo! Jayo, Hajiya! Ban ce miki a garinmu ana salatin daɗi ba?" Murna ta cika Lauratu har ta rasa inda za ta sa ta, hawayen da ta mayar ɗazu ya zubo, ta bar shi.

Sai ta ji wayar tana ta magana a hannunta. Ta mayar kunne. Muryar Ghali ta canja, babu murna a cikinta.

"Yaya, tsaya, don Allah tsaya ki ji. Ki ce mini ba ki sallama ba."

"Me ya faru?"

"Mutanen kamfanin su Maharazu suna nan bakin kotu suna dariya. Wai tun alƙali bai gama karatu ba suka buga masa, suka ce ya saye kayanki ko nawa ne kafin labari ya iske ki. Wai ke ki ci shari'a, su su ci damina. Matan Bichi da na Gwarzo sun zo tun safe, Yaya, mota guda suka yi. Da aka fito suna ta murna, yanzu duk sun yi cirko-cirko, suna tambayata ko gaskiya ne. Na rasa abin da zan ce musu."

Lauratu ta goge fuska da gefen mayafi.

"Mutanen kamfanin suna kusa da kai?"

"Ga su can jikin motarsu."

"Matan fa?"

"Suna bayana."

"To sa wayar a lasifika, ka matsa tsakiya, ka ɗaga ta sama."

Ta ji takunsa, ta ji hayaniyar bakin kotu ta matso, ta ji ya ce, "Na ɗaga, Yaya." Ta tsaya a tsakiyar titin Liuhua, tuta a hannu ɗaya, tsinkakken takalmi a ƙafa, ta cika ƙirji da iska.

"Ku ji abin da na gaya wa wakilinku! Albarka!"

 Sai guɗa ta ɓarke a can, ta mata da yawa, a fili kamar a tsallaken titi suke. Lauratu ta jira har suka ɗan lafa.

"Ghali, kana ji? Ce musu su share rumfuna, kaya na hanya. Kai kuma ka je ka sayi kati."